Wa ya kamata ya riƙe takardar sunayen 'yan gudun hijira?

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan. Shekara tara ke nan ina aikin sa kai tare da matan da rikicin Boko Haram ya koro zuwa Gombe, yawancinsu daga Damboa da Gwoza da Gujba. Ranar Asabar aka kira taro a unguwarmu don kafa kwamitin rabon kayan abinci da wata ƙungiya za ta kawo. Na ƙirga matan da ke tsakar gidan sun haura 60, maza ba su kai 15 ba. Da aka zo zaɓe, shugaba namiji, mataimaki namiji, sakatare namiji, ma'aji namiji. Sai can da za a shafa fatiha wani ya ce, "Af, saura shugabar mata," aka nuna wata dattijuwa 'yar Damboa da ke zaune a gindin randa.

Wannan dattijuwar ita ta san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Ita ta san wadda ta yi ɓari ta ɓoye, ita ta san yarinyar da mai gidan haya ke matsa wa. Idan naƙuda ta taso wa mace da tsakar dare, ƙofarta ake bugawa. Amma takardar suna ko nuna mata ba a yi ba. Da aka karanta sunayen, mata huɗu da na sani waɗanda aka kashe mazansu babu ko ɗaya a ciki, domin da sunan magidanta aka rubuta, su kuwa ba su da magidanci.

Abin da nake tambaya: me ya sa mata ke ɗauke da aikin, amma riƙe takarda da sa hannu sai maza? Ni a ganina, duk inda mafi yawan masu karɓa mata ne da yara, mace ce ta dace ta shugabanci kwamitin. Ina son in ji ta bakinku.

Hamma_Bajoga:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maganarki da ƙamshin gaskiya, amma ki tuna ranar rabo ba ranar lalama ba ce. Na tsaya a wajen rabo a ƙarshen 2014, bayan hare-haren da aka kai Ashaka da Bajoga, na ga yadda matasa suka ture layi suka ɗare kan mota. Sai da ƙarfafan maza suka ja igiya kafin aka iya sauke buhu ɗaya. Dattijuwa za ta iya da wannan? A bar maza a gaba, mata su riƙa ba da shawara.

Maman_Sadiq:
Hamma, riƙe igiya daban, riƙe takarda daban. Ban ce a ba ta gora ta kori matasa ba. A ajiye ƙarfafa a bakin ƙofa, babu laifi. Amma wanda zai ce gidan wance ya fi gidan wane buƙata, ai sai mai shiga gidajen. Kai ka taɓa shiga ɗakin mai takaba ka buɗe tukunyarta?

Malamin_TudunWada:
Ni kam ban fahimci koken ba. Idan akwai fannin da aka damƙa wa mata a ƙasar nan, ai fannin jinƙai ne. Sadiya Umar Farouq ta riƙe hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa daga 2016, sannan da Buhari ya kafa Ma'aikatar Jinƙai a 2019 ita ce ministarta ta farko. Imaan Sulaiman-Ibrahim ta riƙe waccan hukumar daga 2021. A 2024 an naɗa Zubaida Umar shugabar NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa. Ga 'yar gida Amina Mohammed, mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017. To wace kujera ce ta rage da ba a ba ku ba?

Adda_Jekadafari:
Malam, duk sunayen da ka lissafa gaskiya ne, kuma muna alfahari da su. Amma minista tana Abuja. Takardar da ake rabo da ita a zauren mai unguwa ake rubuta ta, da biro, da dare, tsakanin mutum uku ko huɗu. Idan aka manta sunanki a zauren nan, ko mace goma ce a sama ba za ki ga ƙwayar shinkafa ba. Kujerar da ta rage ita ce ta cikin zauren.

Ummu_Hanan:
Bari in kawo nawa daga ɓangaren lafiya, ni ma'aikaciyar jinya ce. Akwai wani zare mai kala uku da muke auna damtsen yaro da shi don gano tamowa, kore da rawaya da ja. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari. Muna ba uwa abincin tamowa na leda, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madara da sukari da mai, mu ce ta dawo bayan mako. Wata uwa ta yi ta dawowa, yaron bai motsa daga ja ba. Abokin aikina namiji ya yi mata faɗa sau biyu, ya ce sayarwa take yi. Ita dai kanta a sunkuye, ba ta ce uffan ba.

Da yamma na bi ta har kangon da suke zaune a bayan gari. Yara biyar na samu, biyu nata, uku na ƙanwarta da ba a san inda take ba. Leda ɗaya take yagawa, ta lakata wa kowa a yatsa. Ta ce, "Anti, yaya zan ba ɗaya huɗu suna kallo?" Da bakinta ba za ta taɓa faɗa wa namiji wannan a gaban layi ba. Washegari na kai sunayen sauran yaran, biyu daga ciki su ma rawaya suka nuna.

Haka batun kayan mata, audugar al'ada da sabulu da ɗan kamfai. Ranar da aka sa saurayi ya riƙa miƙawa, 'yan mata suka tsaya daga nesa suna rufe fuska, da yawa suka juya gida hannu rabbana. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Danliti_Pantami:
Ku yi haƙuri iyayenmu, amma kuna magana kamar mata ba sa cuta. A unguwarmu an taɓa ba wata shugabar mata kati 40 ta raba. Ta sa 'ya'yanta, ta sa surukarta, ta sa maƙwabciyarta da ko hanyar Biu ba ta taɓa bi ba. 'Yan gudun hijira na gaske suka tashi a tutar babu. Son kai ba shi da namiji ba shi da mace.

Adda_Jekadafari:
Danliti, ba ka yi ƙarya ba, ni ma na ga irin wannan da idona, kuma ya ƙona mini rai fiye da na maza, don ita ta san halin da suke ciki. Amma idan namiji ya ci amana ba a cewa daga yau maza sun daina shugabanci, canza shi ake yi. Maganin abin shi ne a karanta takarda da ƙarfi a gaban kowa kwana biyu kafin rabo, a ce wanda ya san an bar wani ya ɗaga hannu. Mai cusa surukarta ba za ta so a karanta a fili ba.

'Yar_Gwoza:
Salamu alaikum. Ina karanta ku tun ɗazu, hawaye ya hana ni rubutu. Ni ina cikin waɗanda kuke magana a kansu. A watan Agustan 2014 aka ci garinmu. Muka hau dutse da yara, muka kwana a cikin kogo, daga nan muka faɗa Kamaru da ƙafa, muka zagayo muka shigo Mubi. Ba mu gama hutawa ba, a watan Oktoba Mubi ma ta faɗi. Muka sake ɗaukar yara zuwa Yola, daga Yola wata babbar mota ta sauke mu a tasha a Gombe bayan isha. Ba mu san kowa ba.

Wata mai sayar da ƙosai da kunu a bakin tashar ta dube mu, ta dubi ƙafafun yarana da suka kumbura. Ba ta tambaye mu kati ba, ba ta tambayi addininmu ba. Ta kashe wutarta, ta juye sauran ƙosan a leda, ta tare Keke Napep da kuɗinta. Ɗaki biyu ne gidanta. Ta mayar da 'ya'yanta maza zaure, ta shimfiɗa mana tabarma. Ta dafa ruwa da gishiri ta gasa wa yarana ƙafa da hannunta. Wata bakwai muka yi a gidan. Ita ta kai ni wurin mai unguwa, ita ta tsaya mini na samu ɗakin haya, ita ta saka ni a adashensu na kwashi farko na sayi waken suya na fara awara. Bayanmu ta sauki wasu iyalai uku.

Allah ya yi mata rasuwa shekara uku da suka wuce. Babu wanda ya taɓa kiran ta taro, babu wanda ya taɓa sa mata riga mai tambari. Idan ana maganar shugabannin mata a aikin agaji, ni fuskarta nake gani. Ku taya ni yi mata addu'a.

Hamma_Bajoga:
Allah ya jiƙanta, ya sa aljanna ce makomarta. 'Yar uwa, kin sa jikina ya yi sanyi.

Maman_Sadiq:
Amin ya Allah. Kuma labarinki shi ne labarin Gombe gaba ɗaya. Mu nan ba manyan sansanoni muka yi irin Bakassi da Dalori na Maiduguri ba, cikin gidajen mutane aka shige. Wanda ya san gidan Bahaushe ko na Bafulatani ya san idan baƙo ya sauka, maigida ne ke cewa maraba, amma uwargida ce ke ƙara ruwa a miya.

Lauya_Kumo:
Ɗan gyara kaɗan don amfanin masu karatu. A Hausa duka 'yan gudun hijira muke cewa, amma a doka kashi biyu ne. Wanda ya tsallaka iyakar ƙasa, kamar 'yan Najeriya da ke sansanin Minawao a Kamaru ko yankin Diffa a Nijar, yana ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira, kuma UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, ke kula da shi. Wanda ya bar garinsu amma yana cikin ƙasarsa, kamar mutanen da ke Gombe, nauyinsa yana wuyan gwamnatinsa. Afirka ta yi musu yarjejeniyar Kampala a 2009, Najeriya ta tabbatar da ita a 2012. Ke nan abin da ake ba su ba alfarma ba ce, haƙƙi ne, kuma mace mai riƙe da gida magidanciya ce a idon doka. Waɗancan mata huɗu da aka bari suna da hujjar koke. Tun da ana lissafa mata, a ƙara da Sadako Ogata 'yar Japan, wadda ta shugabanci UNHCR daga 1991 zuwa 2000.

Danliti_Pantami:
Lauya, yarjejeniyar Kampala a zauren mai unguwa? Wa zai karanta masa?

Lauya_Kumo:
Ni zan karanta masa da Hausa idan Hajiya ta gayyace ni. Da gaske nake.

Goggon_Yara:
Akwai abin da kowa ke kewayewa, ni tsohuwa ce bari in faɗa. Babban dalilin da ya sa nake bayan Maman Sadiq ba rabon adalci kaɗai ba ne, mutunci ne. Idan katin abinci yana hannun namiji mara tsoron Allah, kuma mai nema yarinya ce da ba uba ba miji, kun san abin da ke biyo baya. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da bayanan mata da 'yan mata 43 da aka yi lalata da su a sansanoni bakwai na Maiduguri, wasu da ƙarfi, wasu da alkawarin abinci ko na aure. Waɗanda suka iya buɗe baki ke nan.

Kada mu ce can ne. Na raka wata yarinya 'yar shekara 16 awo, cikin wata biyar. Sai da muka yi mako uku ina kai mata kunu kafin ta gaya mini cewa mai rubuta suna ne, ya ce ta zo da magariba ta karɓi katin uwarta. Uwar tana kwance ba lafiya, ƙanne uku suna kuka. Ta je. Yanzu yaron yana aji biyu a firamare, mutumin kuma yana yawonsa a gari da babbar riga. Da a hannun mace katin yake, mafi munin abin da za ta yi shi ne ta ba surukarta, kamar yadda Danliti ya ce. Wannan cuta ce, amma ba ta kai waccan ba. Ba na cewa duk maza haka suke, wallahi na yi aiki da maza masu amana da zan iya ba su 'yata riƙo. Amma ba a gane na banza a goshi.

Ustaz_Herwagana:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo, Allah ya saka wa yarinyar nan. Tun da na ga wasu sun fara turo mini saƙo ta gefe suna tambayar hukunci, bari in amsa a nan. Mace ta jagoranci aikin taimakon mata da yara ba baƙon abu ba ne a addini. Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, a can aka kwantar da Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. A ƙasarmu Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, a zamanin da yaƙe-yaƙe suka bar mata da yawa cikin maraici. Abin da nake jan hankali a kai shi ne doguwar tafiya ba muharrami, da kwana a waje, da yardar miji. A kiyaye waɗannan.

Binta_GSU:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Amma nan ne gizo ke saƙar. Na yi shekara biyu ina aikin tattara bayanai da wata ƙungiya. Mu 'yan mata ake turawa gida-gida da waya, a rana, domin mu ake bari mu shiga cikin gida. Da kujerar mai kula da ofis ta samu, aka ce aikin yana buƙatar zuwa Maiduguri da Damaturu a kwana, don haka ba zai yiwu wa mace ba. Ba a ma tambaye ni ko yayana zai raka ni ba. Aka ɗauko wani daga wata jiha wanda ko gaisuwa bai iya da Hausa ba, balle Kanuri ko Fulatanci, ni ce kuma nake yi masa tafinta. Muharramin da ya kamata ya zama kariya sai ya zama hujjar tsallake mu.

Ustaz_Herwagana:
'Yata, wannan ba laifin hukuncin ba ne, laifin wanda ya yanke miki ba tare da ya tambaye ki ba ne. Da sun so, kuɗin motar mutum ɗaya ba zai gagare su ba.

Baban_Zahra:
Ni uba ne, kuma zan faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi daɗi ba. 'Yata ta karanta ungozoma, an kira ta aiki a Borno, na hana. Ban manta da Rann ba. A watan Maris na 2018 aka sace Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, ungozomomi masu aiki da Red Cross, tare da wata ma'aikaciyar jinya. Aka kashe Saifura a Satumba, aka kashe Hauwa a Oktoba. Yara ne ƙanana, ba su wuce shekara 25 ba, sun je karɓar haihuwar matan da suka rasa komai. Ranar da na ji labarin Hauwa ban iya cin abinci ba. Ku kira ni matsoraci, na yarda.

Ummu_Hanan:
Baba, babu mai kiran ka matsoraci. Mu da ke aikin muna ɗauke da sunayen nan biyu a zuciya. Sai dai ina tunanin matan Rann ɗin, idan kowane uba ya hana, wa zai karɓi haihuwarsu? Ba ni da amsar da zan ba ka, don ni ma mahaifiyata kuka ta yi ranar da na fara fita. Amma ko ba ta je Borno ba, ka bar ta ta zo ta taya mu a nan cikin Gombe. Muna da mata masu ciki a kangwaye da ba su taɓa zuwa awo ba.

Baban_Zahra:
Wannan zan iya. Zan yi mata magana da daddare.

Mama_Kaltungo:
Salama gare ku duka. Ni daga ɓangaren coci nake. Lokacin da mutanen Michika da Madagali da Chibok suka kwararo, Zumuntar Mata ce ta fara tara masara mudu-mudu da zannuwa kafin wata mota mai tambari ta iso. Yawancinsu 'yan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, cocin da ya fi kowanne shan wuyar rikicin nan. A cikinsu akwai Dakta Rebecca Dali, wadda ita kanta sai da ta gudu, amma ta ci gaba da kula da gwauraye da marayu, Kirista da Musulmi, har aka karrama ta a Geneva a 2017. Abin da na lura da shi, mu a coci mata suna da nasu shugabanni da nasu asusu da nasu littafi, ba ma jiran a ce "saura shugabar mata". Ku ma kuna da FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, tun 1985, da makarantu da asibitoci. Me zai hana matan unguwarku su yi nasu littafin, su kai wa ƙungiyar kai tsaye?

Binta_GSU:
Mama, shawara ce mai kyau, amma masu kawo kuɗi ba sa karɓar littafi. Za su tambayi rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, asusun banki da sunan ƙungiya, rahoton binciken kuɗi, da takardar neman tallafi da Turanci mai shafi ashirin. Waɗanda suka tsallake wannan katangar 'yan kaɗan ne, irin su Hajiya Hamsatu Allamin a Maiduguri, da ta tara matan da mazansu da 'ya'yansu suka ɓace ko suke tsare, da Dakta Fatima Akilu ta gidauniyar Neem mai kula da waɗanda firgicin yaƙi ya taɓa. Tun da Amurka ta dakatar da kuɗin agaji a farkon 2025 abin ya ƙara tsuke, 'yan sa kai mata aka fara sallama.

Hamma_Bajoga:
Ni tambayata daban ce. Shekara fiye da goma, har yanzu ana kiran su 'yan gudun hijira? Gwamnatin Borno ta rufe sansanonin cikin Maiduguri tun ƙarshen 2021 tana mayar da mutane garuruwansu. Ba gara a taimaka musu su koma ba, maimakon rigimar kwamiti?

'Yar_Gwoza:
Hamma, na koma na gani. Gidanmu bango ne kawai. Gona kuwa ba a yin nisa da gari. Ɗana na fari a Gombe ya yi sakandare, autata a nan aka haife ta, ko yarenmu ba ta iya sosai ba. Wasu sun koma, Allah ya tsare su. Wasu sun tsaya a Maiduguri, ambaliyar madatsar Alau ta sake kwashe su a Satumban 2024. Ni kuɗin haya ne ke hana ni barci, ba kewar gida kaɗai ba. Kuma ko komawar ce, wa ake tambaya? Bulama da maza ake tarawa. Mu da za mu fita neman itace da ruwa a can ba a tambayar mu ko hanyar ta yi lafiya.

Malamin_TudunWada:
Na karanta duka, na sassauta kan maganata ta farko. Amma har yanzu ban yarda a ce dole sai mace ba. A ce rabi da rabi, kuma ma'aji ko sakatare ya zama mace. Dole tana jawo gaba, mazan unguwa za su janye hannu, su kuma ake buƙata wajen mai unguwa da hakimi.

Maman_Sadiq:
Na gode muku duka, ga inda aka kwana. Jiya bayan la'asar ni da Adda muka je wajen mai unguwa. Ya karɓe mu da mutunci. Ya ce zaɓe an riga an yi, ba zai rushe ba, amma ya sa an ƙara sunan biyu daga cikin matan nan huɗu. Sauran biyun ya ce adadin da aka ba shi ya cika, sai zagaye na gaba. Karanta takarda a fili kuma ya ce zai yi shawara da kwamiti.

Daga nan muka wuce wajen dattijuwar. Mun same ta tana tsince wake a faifai. Na gaya mata yadda ake ta muhawara a kanta. Ta ce ita ba ta son shugaba, don ba ta yi boko ba, kada a miƙo mata takarda ta dangwala yatsa a kan abin da ba ta sani ba. Sai ta ajiye faifan ta fara lissafo gidaje da ka, layi bayan layi, wance mai yara shida, wance mai makahon miji, wance da ta haihu ranar Talata. Adda tana rubutawa har gida 53, ba ta maimaita ko ɗaya ba. Da muka gwada da takardar kwamiti, gida 11 babu su.

Danliti_Pantami:
To kun gani, ita da kanta ta ce ba ta so.

Adda_Jekadafari:
Ba shugabancin ta ƙi ba Danliti, dangwala yatsa a makance ta ƙi. Tana da jika 'yar aji biyar a sakandare, ita za ta iya zama kusa da ita tana karanta mata.

Hamma_Bajoga:
Ni dai har yanzu ina kan bakata game da ranar rabo. Amma gida 11 ba wasa ba ne. Hajiya, yaushe motar za ta zo? Idan Asabar ce zan shigo gari in riƙe muku igiya.

Lauya_Kumo:
A turo mini hoton takardar da Adda ta rubuta, a rufe sunayen, adadin kawai nake so da unguwa. Zan rubuta wasiƙa da Hausa da Turanci kafin Alhamis.

Maman_Sadiq:
Asabar ce Hamma, ƙarfe 9 na safe. Lauya, zan turo bayan magariba idan an kawo wuta, wayata saura kaɗan ta mutu. 'Yar Gwoza, ɗaya daga cikin biyun da aka bari mutuniyarku ce, ba ta jin Hausa sosai, ko za ki raka ni gidanta gobe?

'Yar_Gwoza:
Zan zo Anti. Ki bari in sauke awara tukuna, wajen ƙarfe 11.